Manja a Yatsun Baba

Wani dattijo yana tsaye a layin injin markaɗen Iya Kudira a kasuwarmu ta Ogbomosho, shi kaɗai ne namiji. Rigarsa a goge take, amma ya rungume robar kayan miya a ƙirji, yatsunsa a buɗe, yana hura musu iska a ɓoye. Ina jin tsohon malamin makaranta ne, irin wanda bai san inda ludayin gidansa yake ba.

Ina so in ce masa kada ya taɓa ido, amma na kasa.

Iya Kudira ba ta da wannan kunyar. "Baba, wa ya sa ka yanka attaruhu alhali markaɗe za ka kawo? Ko Mama ta yi yaji ne?"

"Tana kwance. Ta ƙi cin abincin saye."

Dariyar da matan layin suka fara ta tsaya. Iya ta tsiyaya masa manja a tafi. "Murza sosai, ruwa ba ya kashe zafin."

Yana murzawa a hankali. "Tun da na aure ta take yanka abin nan. Ba ta taɓa ce min da zafi ba."

"Ka taɓa tambayarta, Baba?"

Ya daina murzawa, yana dai kallon hannunsa.