Tagogin Ajin Auta

A layin makanikai babu wanda bai san Mai Tinta ba. Tun yana saurayi yake manna baƙar leda a gilashin mota, kuma har ya fara furfura ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Kayan aikinsa kwalbar ruwan sabulu ne da reza. Abin da yake taƙama da shi ɗaya ne: tintarsa ta fi ta kowa baƙi.

Autarsa ce ta sauya masa rayuwa. Tun tana goye, da rana ta taɓa ta sai fatarta ta yi bororo, idanunta su kaɗa. Likitar fata ce ta zaunar da shi ta yi masa bayani.

"Baban Auta, a cikin kowace ƙwayar halittar jiki akwai zare mai tufka biyu, DNA, shi ke ɗauke da umarnin jiki. A cikin rana kuma akwai wani haske da ido ba ya gani, yana lanƙwasa zaren. Ni da kai muna da 'yan gyara a ciki: su gano wurin, su yanke ɓarnar, su kwafo daga ɗaya tufkar, su liƙe. A jikin Auta masu yankan ne ba sa aiki. In ɓarnar ta taru, tana iya zama ciwon daji."

"Wato shago ne babu reza," in ji shi.

"Ka gama ganewa."

Ranar ya baƙanta tagogin gidansa kaf. Matarsa ta ce, "Ka mai da mu jemagu, Allah ya saka da alheri."

Da Auta ta isa shiga makaranta, kullum da safe tana manne da taga tana kallon yara da jakunkunansu. Mai Tinta ya roƙi shugabar makarantar unguwa ta ba shi aji ɗaya ya manna wa tagoginsa leda, don Auta ta iya zuwa. Ta yarda. Ya zaɓo ledarsa mafi baƙi, ya yi aikin da bai taɓa yi wa motar kowa ba.

Shugabar ta leƙo, ta dafa bango tana lalube. "Malam, aji ne wannan ko rijiya? Wa zai ga allo? A ɓare, don Allah."

Ya ɓare da hannunsa, ya tafi wurin likita kamar zai yi kuka.

"Wa ya ce maka baƙi ne ke tare hasken da ke cutar da ita?" in ji ta. Ta ara masa wata 'yar na'ura mai auna hasken nan.

Ya fito da duk ledojinsa tsakar rana, yana kara kowace a kan na'urar. Baƙar da yake taƙama da ita ta rage lambar da na'urar ke nunawa, amma da saura. Can ƙasan kantar shagonsa akwai wani naɗi garau kamar ruwa, wanda ya jefar don babu direban da ke so. Yana kara shi, lambar ta faɗi ƙasa warwas.

Ya sake gwadawa. Sai ya kwasa da gudu, takalmi ƙafa ɗaya.

"Mai Tinta, gobara ce?" in ji mai walda.

"Fara ce! Wallahi farar ce!"

Ranar da Auta ta fara zuwa, tana cikin hularta mai rufe fuska da safar hannu. Uban ya riga ya manna farar ledar a tagogin ajin, ya bi taga ɗaya bayan ɗaya da na'urar, har ƙwan fitila bai bari ba. Ajin fes da haske, allo ana ganinsa daga baya. Ya juyo wurin Auta.

"Cire, uwata."

Ta cire hular, ta ƙifta ido, ta dubi benci-benci.

"Baba, ka ce wa Malama kusa da taga nake so."