Yarinyar da Na Kora Daga Tabarmar Karatu

Assalamu alaikum Edita, da masu karatu. Ni haifaffiyar Djougou ce, aure ya kai ni Parakou, unguwar Ganou. Lokacin da abin nan ya faru ina suyar ƙosai a ƙofar gida, maigidana kuma yana jan kamiyo, babbar motar kaya, daga tashar Gare, sai ya daɗe bai kwana gida ba. Ban yi lakwal ba, wato boko. Allo na yi, sai da na girma na shiga ajin yaƙi da jahilci na iya haɗa baƙi, amma Faransancina bai wuce na kasuwa ba. Abin da na sani game da karatu shi ne na makarantar allo: mai karatu murya yake ɗagawa, wanda ya yi shiru wasa yake.

A shekarar ’yata ta fari za ta zauna jarrabawar BEPC ta gama ƙaramar sakandare, kuma babanta ya riga ya faɗa cewa in ta faɗi, lakwal ta ƙare, sai koyon ɗinki. Kullum bayan la’asar wata ƙawarta ’yar maƙwabta takan zo su shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro. Da farko na ji daɗi. Amma da na fara kasa kunne, sai na lura muryar ƙawar kaɗai ke tashi. Tawa kanta a sunkuye, kusan hancinta a kan takarda, sai ƙus-ƙus, sai dariya. Na ce a raina, me ake rubutawa haka ana ɓoyewa? Ni ba mai faɗa ba ce, ido na zuba. Idan na kira ta daga nesa sai ta ƙanƙance ido ta dube ni, ni kuwa na ɗauka harara ce ta fara.

Zargi ba ya zama wuri ɗaya. Na bincike jakarta, na shinshina hijabinta ko zan ji turaren da ban saya ba. Wata safiya na hau zem, babur ɗin haya, na riga ta zuwa, na tsaya tsallaken titi daura da ƙofar lakwal. Ta zo, ta dubi inda nake sosai, ta wuce ko gaisuwa babu. Na ce yarinyar da ta ga uwarta ta yi kamar ba ta gani ba, akwai abin da take ɓoyewa. Da yamma na tare ƙawar a zaure, cikin lallami na ce mata ta huta da zuwa har a gama jarrabawa, kowa ya yi karatu gidan ubansa. Ta buɗe baki za ta yi magana, na ce ta gaishe mini da mamanta. Uwar ta ji zafi, ta hana ta ko zama kusa da ’yata a aji.

Daga nan gida ya cika da karatu, murya har waje, har maƙwabta suna yaba mini. Sai dai kunnen da ya yi hadda ba a ruɗinsa. Ban san ma’anar kalmomin ba, amma na gane inda take jan numfashi, na gane inda muryar ke sauka, kuma kullum wuri ɗaya ne. Har autata da ba ta shiga lakwal ba ta fara rera shi tana wasan ƙasa. Na tambayi yayar ko mushensu, wato malaminsu, darasi ɗaya ya iya, ta ce bita ce, Inna. Zargina ya ƙaru. Da aka yi jarrabawar gwaji sakamakon ya fito ba kyau, na fara tunanin ko baki ne, ko uwar ƙawar ce ta yi mana wani abu.

Da hutu ya zo na ɗauke ta muka tafi Djougou wurin mahaifiyata, da niyyar a yi mata rubutu. Muka tarar da Hajiya ta baje goro tana tsince wanda sankara ta ci. Ta ce wa jikar ta matso ta taya ta, tana tsokanarta wai ’yan boko hannunsu biro kawai ya sani. Yarinya ta ɗauki goro ta kai shi dab da ido tana juyawa. Hajiya ta tambaye ta ko shinshinawa take. Sai tsohuwar ta daina dariya, ta tashi ta koma bakin ƙofa, ta ɗaga goro ɗaya ta ce ta faɗa mata, fari ne ko ja. ’Yata ta ƙanƙance ido, irin kallon nan da na kira harara, ta ce ja. Fari ne tas. Sai yarinyar ta fashe da kuka.

A ranar na ji komai. Tun da ta yi tsawo aka mai da ita bencin baya, allon aji ya zame mata hazo. Ƙawar nan ce take karanto mata abin da mushe ya rubuta, ita kuma tana kwafa. Da na kore ta, sabon darasi ya yanke, sai ’yata ta riƙa maimaita tsohon don kada in ji shiru. Ta ce ta ɗauka daƙiƙanci ne ya kama ta, kunya ta hana ta faɗa. Ranar titi kuwa, ta rantse ba ta san na je ba.

Likita ya auna ta aka yi mata tabarau, amma lokaci ya ƙure, ta faɗi. Da ƙyar Hajiya ta shawo kan babanta ya bari ta maimaita aji, shekara ta zagayo ta ci. Na je ba wa uwar ƙawar haƙuri, ta ba ni ruwa, ta ce ba komai, amma ’yarta ba ta sake taka gidanmu ba.

Iyaye mata ’yan uwana, musamman irina da ba mu yi boko ba, kada ƙarar murya ta ruɗe ku. Ku zauna kusa, ku ce yaro ya faɗa muku da Hausa abin da ya koya yau, gobe ku ji ko ya canja. In kun ga abin da ba ku gane ba, ku tambaya kafin ku yanke hukunci. Na shinshina hijabi, na bi titi, na zargi maƙwabta, amma ban taɓa zaunar da ’yata na ce mata me ke damunki ba. Goro ɗaya tsohuwa ta ɗaga ta ga abin da na kasa gani.