Cima Mai Ƙuli-ƙuli da Jinin Isaka

A Sabon Gida babu wanda bai san Cima mai ƙuli-ƙuli ba. Wurin kakarta ta gaji sana'ar, tun ba ta iya ɗaga taɓarya. Ranar kasuwar Madawa takan tafi da tire da kwalaben man gujiya, ta dawo da tiren wayam. Mace ce mai surutu da dariya, har shekarar da mijinta Rabo ya kwanta. Cikinsa ya kumbura, idanunsa suka koma rawaya, kafin a yanke gero an kai shi makwanci. Wansa ma haka ya tafi. Mutane suka ce sammu ne, wasu suka ce gadon gida. Cima ta yi takaba, ta koma ga turminta, amma dariyar ta ragu.

Wata rana maigari ya sa aka yi shela cewa wata likita ta sauka a asibitin gari, tana neman dangin waɗanda ciwon hanta ya kashe. Sunanta Dokta Mubaraka, ƴar Karofane ce da ta yi dogon karatu, tana aiki a wani ɗakin bincike a Yamai. Ta yi wa mutane bayani a inuwar bishiyar bedi: ciwon daji na hanta yakan bar alama a cikin jini tun mutum yana yawo da ƙafafunsa, kuma aikinta shi ne neman wannan alama da wuri. Ta ce abu biyu suka fi jawo shi, wata ƙwayar cuta mai ɓuya a hanta, da dafin hunhunar da ke kama gujiya da masara idan an adana su da danshi.

Nan Cima ta tuna da miyar gidanta. Duk tsawon zamanta da Rabo, gujiya mai kyau ita take kaiwa kasuwa. Wadda ta yi baƙi ko ta motse ba ta zubarwa, dakawa take ta zuba a miyar gida, kamar yadda ta ga an yi tun tana ƙarama.

Ta ba da jininta, ta kuma tilasta wa autanta Isaka, mai kabu-kabu kuma magidanci da ƴaƴa, ya ba da nasa. Aka tafi da jinin Yamai cikin akwatin ƙanƙara.

Jiran ya fi allurar ciwo. Sau biyu Cima ta ƙona ƙuli-ƙuli, abin da ba ta taɓa yi ba. In Isaka ya shigo gaisuwa sai ta tsura wa fararen idanunsa ido.

“Inna, mi kika kallo haka?”

“Ba komi. Ka ci abinci?”

Ba ta gaya wa kowa abin da ke cin ta ba. Ko maƙwabciyarta Jima, wadda suke ɓare gujiya tare, ciwon kai ta ce mata.

Da Dokta Mubaraka ta dawo, ta kira su ɗaki su biyu. Ta ce jinin Cima lafiya lau. Na Isaka kuwa yana ɗauke da ƙwayar cutar, alamar kuma ta ɗan haura, ba sosai ba. Dole ya je Tawa a haska cikinsa da na'ura.

Isaka ya fita yana huci. Cima kuwa ta zauna a benci, ta dubi likitar.

“Ɗiyata, hwaɗa mini gaskiya don Allah. Gujiyata ta kashe uban ɗiyana?”

Mubaraka ta dafa mata gwiwa. “Inna, in na ce miki a'a na yi ƙarya, in na ce i na yi ƙarya. Ba mu da jininai, ba mu san mi ad da shi ba. Wanga da ke raye shi muka iya taimako.”

Ba amsar da Cima ta so ba ke nan, amma ita ta samu.

A Tawa aka shafa wa Isaka wani abu mai sanyi a ciki, aka daɗe ana dubawa, Cima tana waje tana jan carbi ba tare da ta san abin da take karantawa ba. Ba a ga ƙari ba. Aka ɗora shi kan magani, aka ce ya riƙa dawowa ana sake auna jinin, domin alamar tana iya sauka, tana iya hawa. Aka gwada matarsa da yaran, aka yi musu rigakafi.

Tun daga nan Cima take tsince gujiyarta ƙwaya-ƙwaya, mai tabo ta haƙa rami ta binne, ko kaji ba ta ba. Jima ta ce almubazzaranci ne, suka yi kwanaki ba sa magana, daga baya ita ma ta fara.

Da lokacin awo na gaba ya zo, Isaka ya ce shi lafiyarsa ƙalau, kuma ranar kasuwa ce, fasinja na jira. Cima ba ta yi musu ba. Ta yafa mayafi, ta haye bayan babur ɗin ta zauna daram, ta ce ba ta sauka sai ƙofar asibiti. Ya tayar, yana gunguni har suka fita gari.