Daminar da Aka Hana Zuwa Gayauna

Ni 'yar Zandam ce, can ƙasar Gwaram. Aure ne ya kawo ni wani ɗan ƙauye a gefen Kiyako, inda ake hango duwatsun Birnin Kudu idan gari ya yi haske. Gidan da na shigo gidan gandu ne, gona ɗaya babba, rumbu ɗaya, kowa daga ciki yake ci. Baba, mahaifin mijina, shi ne mai gandun. A ƙarƙashinsa akwai mijina, da ƙaninsa mai bi masa, da barori waɗanda suka daɗe a gidan har wasu an yi musu aure a ciki.

Tsarin Baba kowa ya san shi. Ana shiga gandu da hantsi, a tashi da azahar. Daga nan kowa ya wuce gayaunarsa, ɗan fegin gonar da aka yanka masa, abin da ya noma a ciki nasa ne, da shi yake yi wa matarsa zane ya sayi gishiri. Mu matan gidan ba a kulle mu ba, mu ke kai abinci gona. Na sha tarar da Baba a gindin ɗorawa, hannunsa cikin ƙwarya ɗaya da barori, ana ta musun wa ya fi wani girman loma.

Shekarar da na haihu ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai. Kafin bazara ta raba, tafasa da rama muke kwaɗawa. Nonona ya ja baya. Yarinyar takan kama ta saki ta yi kuka, kukan ma ba ƙarfi. 'Yar fari ce, ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta ina kallo a gaban mutane, alkunya ta hana. Sai na shiga ɗaki nake zagaye damtsenta da yatsu biyu in ga ko ya ƙaru. Allah Ya raya ta, amma tun daga lokacin ban ƙara wuce rumbu ban dube shi ba. Na san damina mai zuwa ita ce ta kunun yayenta. Idan geron nan bai yi ba, ban san abin da zan ba ta ba.

Ana gab da shuka Baba ya rasu, gandu ya koma hannun mijina.

Mijina ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi. Shi ne aka zura cikin rumbu bara ya kankare gindinsa da hannu. Ana gama noman fari ya tara maza a zaure ya ce bana babu zuwa gayauna sai an gama maimai, wato noma na biyu, za a riƙa shiga gandu rana na fitowa, ba a tashi sai la'asar. Ina bayan darni ina jin su. Babu wanda ya ce to, babu wanda ya ce a'a. Sannan ya ce mini in riƙa zuba masa nasa abincin daban a akushi. Wai wasu barorin sun girme shi, idan yana sa hannu tare da su ba za su ga girmansa ba.

Ba a daɗe ba gonar ta canza. Da, tun daga nesa kake jin waƙa da ihu, yanzu sai ƙarar fartanya jefi-jefi. Ka ce sannunku da aiki, a amsa maka a maƙoshi. Ƙotar fartanya ta riƙa karyewa kamar an yi mata baki. Wannan ya tafi daji kama ruwa, kafin ya dawo wancan ya tafi. Ƙanin mijina kuwa, wanda da ko tulu na ɗauko sai ya tare ni ya ce, “Matarmu, yau ma miyar taki ruwa ce? Ki faɗa mini gaskiya in rufa miki asiri,” ya daina ko ɗaga kai. Matarsa tana da ciki, turmi ɗaya muke daka da ita, ita ma sai dai tabarya ta yi magana.

Mijina ya ga abin, ya ce lalaci ne ya kama su, kuma ya san maganinsa. Ya aika aka kirawo makaɗin noma daga Wurno da gangarsa, a kan za a ba shi damin gero idan kaka ta yi. Da ya je gaishe da Inna, mahaifiyarsa, ya faɗa mata. Tana cikin takaba lokacin, ba ta fita ko ƙofar gida. Ta dube shi ta ce, “Ganga?” Ya ce, “Ganga, Inna. Za ki ji labari.”

Ranar da makaɗin ya zo, na ɗauki abinci na tafi da yarinyar a baya. Mutumin ya iya kiɗa, ba zan ɓoye ba. Yana bin bayan masu noma yana wasa mijina, yana kiransa magajin gandu, bango madafar gida. Idan ya ga wanda aka bari a baya sai ya juya kansa da zambo. Ƙanin mijina ne a baya. Ya tsaya daidai kansa yana buga ganga yana cewa, “Ɗan lelen Inna, fartanyar ta yi maka nauyi ne? A kawo masa zane da tabarya, ya tafi ya taya mata daka!” Mijina ya yi dariya. Shi kaɗai ya yi. Na ga jijiyar wuyan yaron nan ta miƙe, amma bai ɗago ba.

Bayan sun ci sun koma aiki, yarinyar ta fara kuka. Ba zan ba ta nono a gaban maza ba, sai na zagaya bayan wani suri da kargo ya rufe, a bakin gona, na zauna. Daga nan ina ganin su, su ba sa ganina. Gero ya kai ƙugu, kore shar, iska tana kaɗa shi.

Ƙanin mijina ya iso kusa da inda nake. Na ga ya waiga wajen ganga. Sai ya zura fartanya can ƙarƙashin gindin gero, ya fizga, na ji ƙarar saiwa ta tsinke. Ya riƙe geron da hannun hagu kada ya faɗi, ya turo ƙasa da ƙafa ya danne, ya bar shi a tsaye kamar ba abin da ya same shi. Ya wuce gindi biyu ya nome su tsaf, na uku ya sake yi masa haka.

Na ce a raina idona ne. Sai ga dattijon barorin, mutumin da ya goyi mijina yana ƙarami, ya biyo ta kunyar da ke kusa. Ya ga abin da yaron ya yi. Ina jira ya yi salati ya tsawata. Wallahi sai shi ma ya zura tasa fartanyar.

Yarinyar tana tsotso, ni kuwa ina kallonsu. Mutanen nan tare muka ci tafasa bara. Tare muka yi ta leƙen sama. Geron nan shi ne tuwonsu, shi ne kunun cikin da matar yaron take ɗauke da shi. Ban taɓa sanin ran mutum yana iya ɓaci har ya sari abincin bakinsa ba.

Da suka yi nisa na rarrafa na kama gindi ɗaya na ja. Ya taho a hannuna ba nauyi, saiwar a datse sumul. Sai a lokacin na tuna geron da ya riƙa yin yaushi nan da can a kwanakin baya, wanda mijina ya ce gara ce.

Na cusa shi cikin zane na kawo wa Inna. Na faɗa mata abin da na gani. Ta karɓa ta daɗe tana juya shi.

“Kin faɗa wa mijinki?”

“A'a, Inna.”

“To kada ki faɗa. Idan ya ji suna daga bakinki, gidan nan ya rabu kafin magariba, geron kuma ciyawa ta cinye sauran.”

“Inna, to me za mu ci? Me zan ba…” Na kasa ƙarasawa, don ba a ambatar 'yar fari gaban suruka. Ta dubi bayana inda yarinyar take barci, ta gane.

Ta ce in je gayaunar ƙanin mijina in yanko mata ciyawa, wai akuyarta za ta ba. Na yi mamaki, ga ciyawa a bayan gida. Da na je na ga dalili. Ba ka ce gona ba ce. Harkiya ta tashi ta shanye komai, dawar da ya shuka ta yi rawaya, siririya kamar tsinken tsintsiya, sai ka buɗa ciyawa kafin ka gan ta. Ta dattijon da ke maƙwabtaka da ita ma haka. Kullum da la'asar ta nan suke wucewa gida a gajiye, suna kallo.

Washegari Inna ta ce ita za ta zuba abincin gona da kanta. Ta cika babbar ƙwarya, ta rufe akushin mijina da faifai ta ɗaure. Da na ɗauka na ji ba nauyi. Ta ce, “Idan ya buɗe ya tambaye ki, ki ce na ce ɗanyen daga gayaunar ƙaninsa yake, busasshen daga gandun ubansa. Tuwonsa kuma yana cikin ƙwaryar jama'a.”

Na ajiye wa maza nasu a gindin ɗorawa, na kai wa mijina nasa inda yake zama shi kaɗai, na durƙusa. Ya kwance ya ɗaga faifai. Harkiya ce cike da akushi, a samanta geron nan na jiya, ya yi yaushi.

“Mene ne wannan?”

Na faɗi saƙon Inna, kowa ya ji don makaɗin, da ya sake zuwa ranar, ya ajiye gangarsa zai ci abinci. Mijina ya ɗauki geron ya dubi saiwar. Ya shafa wurin saran da babban yatsa. Ya miƙe ya shiga gona, ya kama wani mai yaushi ya ja, ya taho. Ya ja wani, ya taho. Ya dawo da su a hannu, fartanyarsa a ɗaya hannun. Na matse yarinyar a bayana, na tabbata yau sai an zubar da jini.

“Wa ya yi wannan?”

Can dattijon ya ce, idonsa a ƙasa, “Gara ce, maigida. Bana gara ta yi yawa.”

Mijina ya ce, “Gara mai fartanya ko, dattijo?”

Sai ƙaninsa ya tashi tsaye. “Yaya, ka je ka ga gayaunata? Ka taɓa zuwa? Matata zane ɗaya gare ta, haihuwa tana tafe, da me zan yi suna? Ka hana mu namu, ka ware akushinka kamar baƙo, sannan ka ɗauko mai ganga daga wani gari ya zo ya zage ni a gonar ubana!”

“Ni aka zura cikin rumbu bara!” in ji mijina. “Ni na kankare shi da farce, na fito da abin da bai cika ƙoƙo ba, mata suna tsaye suna jirana. Kai ka ga abin da na gani? Tun da Baba ya rasu ban yi barcin kirki ba.”

Ban taɓa ganin hawayen mijina ba sai ranar, kuma na ga ƙanin ma bai taɓa gani ba, don bakinsa a buɗe ya tsaya. Makaɗin ya rataya gangarsa a hankali ya ce shi yana da wani wuri da ake jiransa. Babu wanda ya raka shi.

Mijina ya zubar da geron, ya wanke hannu ya nufi ƙwaryar. Da farko ba wanda ya motsa. Sai dattijon ya ja jiki ya bar masa wuri. Suka ci tare. Bai sake tambayar wa ya yi ba, har yau kuwa bai tambaya ba.

Da rana ta karkata, azahar ta yi, ya ce, “A tashi.” Suka dubi juna. Ƙanin ya saɓa fartanya ya kama hanyar gayaunarsa, mijina ya saɓa tasa ya bi bayansa. Ina kallonsu har suka shige, ɗaya a gaba ɗaya a baya.

Geron da aka sare bai dawo ba. Wake suka shuka a guraben. Waƙa ma ba ta dawo nan da nan ba, sai wajen huɗa na fara jin dattijon yana ɗan rerawa ƙasa-ƙasa. Da kaka rumbu bai cika ba, ya dai wuce rabi da kyau, ya kai mu har sabon gero, da ɗan tsimi. Lokacin da za a kai yarinyar Zandam wajen mahaifiyata don yaye, da geron gandun nan aka yi garin kununta. Ƙanin mijina ne ya ɗora kayan a jaki. Ya ɗaga mazubin garin ya ce, “Matarmu, duk wannan na ƙaramin ciki ɗaya ne, ko ke za ki sha a hanya?” Na ce masa ya ji da aikin gabansa.

Bai san na gan shi yana saran geron ba, ban kuma taɓa nuna masa ba. Amma har yanzu idan na kai abinci gona da damina, ko ana waƙa ana dariya, nakan faki ido in kama gindin gero ɗaya in ɗan ja. Sai na ji ya riƙe ƙasa nake wucewa.