Faranti Ɗaya, a Zaune

Shekara talatin da ɗaya Doña Herminia Tuyub tana sayar da abinci a kasuwar garin Tizimín, kuma ba wanda zai rantse ya taɓa ganin ta zauna ta ci. Tun asuba take gasa tortiya, wato wainar masara, ta dafa wake, ta sallami 'yan dako da direbobi, sai la'asar ta ja ƙafa ta koma gida. Gwiwarta ta dama ce ta riga ta gajiya. Likita ya ce ba za a yi mata aiki ba sai ta rage kilo goma sha biyu. In kuwa ba a yi aikin ba, tsayuwa ta ƙare, rumfa ma ta ƙare.

Da haka ta shiga binciken da wani asibiti ke yi kan rage ƙiba. Aka ba ta littafi ta riƙa rubuta duk abin da ta ci. Wata uku baiwar Allah tana rubuta iya gaskiyarta: gahawa da safe, shayi da yamma. Sikeli kuwa ko gezau. Nidia, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da rukuninsu, ta gaji da zargin matar a ranta, ta zo kasuwa ta zauna a benci ta zuba ido.

Herminia ta ɗanɗana miya sau ba adadi. Tortiyar da ta yage a kasko, sai baki. Wadda mai ciniki ya rage a faranti, sai baki. Wata ta faɗi ƙasa, ta ɗauka ta hure ta sumbace ta ta cinye, yadda uwarta ta koya mata, don masara ba abin zubarwa ba ce.

"Doña, duk wannan fa ci ne," in ji Nidia.

"Ci kuma, 'yar nan? Ai a tsaye nake."

Nidia ta ce daga yau faranti ɗaya ne, a zaune, ragowa kuma a ba kaji, su ma masara suke ci. Ta zuba mata da hannunta, ta jawo mata kujerar masu ciniki. Herminia ta zauna tana gunaguni. Sai a lokacin gajiyar shekarun ta sauko mata, tun daga wuya har tafin ƙafa, ta kuma ji tsoro, don ba ta san ko za ta iya miƙewa ba. Abincin ya huce a gabanta.

"Kin ga abin da ya sa ba na zama ko?"