Jegon Bushra a Jidda

Ranar da Bushra za ta bi mijinta Jidda, faɗa suka yi da uwarta a bakin tanderu. Cewa kawai ta yi, "Inna, ki bar gurasar nan haka, hayaƙi zai cinye miki ido." Uwar, 'Yardada, ta ko miƙe da hannu duk ƙullu. "Da wannan hayaƙin aka yi miki gado da katifa, 'yar nema. Je ki, Allah ya kiyaye hanya." Ko soro ba ta raka ta ba.

Haka take. Duk Jakara an san gurasarta, an kuma san bakinta. Tun tana budurwa ta gaji tanderun kakarta, ta binne miji, ta aurar da 'ya'ya, ba wanda ya taɓa ganin hawayenta sai na hayaƙi. Amma da aka ce Bushra, autarta, na da ciki, sai ga tsohuwa a kasuwar Kurmi tana taya kanwa ungurnu. Ta daka yajin jego da hannunta, ta surfa gero, ta ƙulle daddawa, har fasfo aka yi mata. Ita za ta je ta yi wa 'yarta wankan jego, ba wata baƙuwa ba.

Sai korona ta zo. Aka tsayar da jirage, aka kulle Kano cikin azumi, tanderu ya huce. Bushra ta haifi mace a asibiti ita kaɗai, ko mijin ba a bari ya shiga ba.

Mijin, Nazeer, tela ne, mai kunya, kuma tun da ya auri Bushra, 'Yardada ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, daga gaisuwa sai ta ja mayafi. Ranar da aka sallamo mai jego ta ce a ba shi waya.

"Malam, kana da babbar tukunya?"

"Akwai ruwan zafi a famfo, Inna."

"Famfo? Kaza za ka fige? Ɗora tukunya, ka samo ganyen darbejiya."

Safe da yamma tana tsugune a tsakar gida, waya jingine da turmi, tana koya wa surukinta abin da ba a koya wa namiji. Ya yi kunun kanwa ya tsinke, ta ce ko mara lafiya ba zai gode masa ba. Kayan da ta ƙulla suna ƙarƙashin gado, ɗakin duk ya ɗauki ƙamshin citta.

Kafin a yi arba'in zazzaɓi ya kwantar da 'Yardada, a makonnin nan da unguwa ke ta rasa tsofaffinta. Ta hana a gaya wa Bushra, wai kada nononta ya ɗauke. Washegari tsohuwar ta rasu. Da yammacin da suka yi magana ta ƙarshe da Bushra tana kishingiɗe, ta daɗe tana kallon jaririyar a waya.

"Ban da ruwan sanyi, kin ji ko? Matso min da ita. Ɗora wayar a kanta sosai, ko na ji ƙamshinta."