Gonar da Aka Jinginar a Gangara

A shekarar fari na biyu ina aiki a buron wani lauya, wato ofishinsa, a Maraɗi. Ban yi lakol, wato karatun boko, mai zurfi ba, amma na iya karanta takardar Faransanci, na kuma san ƙauye, shi ya sa ya riƙa aika ni in tattaro bayani kan mutanen da bashin hatsi ke neman raba su da gonakinsu. Matata ta rasu a bazarar shekarar. Na fi son tafiyar da zaman gida.

Wani dattijo daga wani ƙauye kusa da Gangara ya zo mana da matarsa. Ya karɓi buhu huɗu na hatsi wajen wani Alhaji mai sayar da hatsi a Gazawa, ya jinginar masa da gonarsa har Allah ya kawo damina mai kyau. Yanzu Alhajin ya fito da takarda mai ɗauke da yatsan dattijon, wai sayarwa aka yi. Matar ce ta yi yawancin bayanin. Shi kuwa yana zaune yana juya hularsa a hannu.

Na tafi ƙauyen ban yarda da kowa ba. Mai gari ya ce ranar da aka yi cinikin gonar ba ya nan, amma na ga rumbunsa da sabon yaɓe, a shekarar da ba wanda ke da abin zubawa a rumbu. Shaidu biyu suka ce sun manta. Ɗayansu ya dubi takalmina ya ce, "Malam, ku mutanen buro ku ma kuna jin yunwa, ko takarda kuke ci?" Aka yi dariya, na yi tare da su, amma na lura hayaƙi na tashi a gidansa sau biyu a yini.

Da na je ganin gonar, sai na tarar da matar dattijon a gindin kukar da ke tsakiyarta tana kaɗo ganye da sanda. Na tambaye ta ko mutanen Alhaji ba su hana ta. Ta ce don mi za su hana ta, ai ƙasa aka jinginar, ba itace ba. A wajensu haka al'ada take, wanda aka jinginar wa yana noma ƙasa, amma kuka da gawo suna nan hannun mai gona. In sayarwa ce, har itacen ya tafi. Wata bakwai tana ɗibar ganyen a gaban kowa, ba wanda ya ce mata uffan. Na rubuta wannan, na samu mata uku da suka yarda su faɗa. Maigidana lauya da ya karanta ya ce mun ci shari'a.

Ranar zaman shari'a, juji, wato alƙali, ya saurari matan, ya kuma tambayi Alhaji, wanda ya amsa a natse cewa saye ya yi, ganye kuwa sadaka ce ya bar wa tsohuwa. Sannan aka juyo kan dattijon, tafinta ya tambaye shi jingina ce ko sayarwa. Ya ɗaga kai ya dubi Alhaji sau ɗaya, ya mayar da idonsa ƙasa.

"Abin da Alhaji ya ce, shi ne."

Aka sake tambayarsa, ya maimaita. Ba abin da lauya zai iya yi bayan wannan.

Na bi dattijon da matarsa har tashar mota raina a ɓace. Na tabbata an saye shi. Ina magana ina duban kayansu ko zan ga sabon buhu, ban ga komai ba sai tabarma da buta. Na ce masa ya kunyata mu, na tambaye shi nawa aka ba shi. Har yau ina jin nauyin wannan tambayar. Ya ce kawai, "Allah ya ba ka haƙuri, ɗana," ya matsa inuwa.

Matar ce ta ja ni gefe. Ta ce bayan sun dawo daga buronmu ɗiyarsu ta rasu wajen haihuwa, ba su da ko ƙyallen da za su rufe ta. Alhaji ya aiko da likkafani, ya zo jana'iza, shi ya shiga kabari ya karɓe ta. Ta ce tsohon ya ɗauka takardunmu ne za su yi magana a madadinsa, bai san za a tsayar da shi ido da ido ba. Ba zai iya ƙaryata mutumin da ya suturta masa ɗiya a gaban jama'a ba, ko da gona goma ce.

Na tambaye ta ko Alhaji ya san an kai ƙararsa lokacin da ya aiko da likkafanin. Ta ce duk gari ya sani.

Ban taɓa sanin abin da ke zuciyar Alhajin ba. Wata rana in ga tausayi ne, wata rana in ga lissafi ne, kuma na fi karkata ga na biyun, Allah ya gafarta mini in na zalunce shi. Gonar dai ta tafi. Kafin damina dattijon da matarsa suka ƙetara iyaka zuwa kudu neman ƙodago, ban sake jin labarinsu ba.

Tun daga nan, duk wanda ya zo mana da ƙarar bashi, kafin in buɗe takarda nakan tambaye shi ko an yi masa rasuwa kwanan nan, da wanda ya tsaya masa ranar.